Kilisa

Kilisa fita ce da ba aike a cikinta. Wanda ya ɗaura sirdi don ya kai ta'aziyya ƙauyen gaba, tafiya ya yi. Wanda ya bi hakimi birni ranar idi, hawa ya yi. Wanda ya jera da abokin karawa a bakin fage, sukuwa ta kawo shi. Amma wanda ya kwance doki bayan la'asar, ya bi ta bayan gari, ya ratsa burtali, ya zaga gonaki, ya komo gida kafin kiran magariba, bai isar da saƙon kowa ba, bai karɓo bashin kowa ba, wannan shi ya yi kilisa. In maƙwabci ya tare shi a ƙofar gida ya ce, "Alhaji, daga ina haka?" amsar ba ta wuce, "Ɗan motsa shi na yi." Doki ke da fitar, mai doki rakiya ya yi.

A Kaikai, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Kusada, can inda ƙasar Katsina ke dab da haɗuwa da ta Kano, kalmar tana nan da ranta, ko da yake masu yin abin da gaske sun yi ƙaranci. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake da gyaɗa, mai rairayi, irin wadda kofato ke jin daɗin takawa. Wanda zai je Kusada ko Kankiya, ko ya fita bakin titin Kano a Yashe, babur yake hawa, kuma ba mai ganin laifinsa. Babur in an jingine shi ba ya cin komai. Doki kuwa ko an hau ko ba a hau ba sai ya ci, sai ya sha, sai an share masa. Don haka duk gidan da aka jiyo haniniya a cikinsa a wannan zamani, akwai mutumin da ya zauna ya yi lissafi, ya ga babu riba, ya ce duk da haka a kafa turke.

Sai an san turke ake gane kilisa. Gungumen itace ne gajere mai kauri, a binne rabinsa a ƙasa, kuma masu sani kan nemi irin ƙirya wadda gara ba ta cika ci ba. A ƙafar gaba ake sa wa dokin Bahaushe igiya. Nan yake wuni, nan yake kwana, nan ake zuba masa abinci, cikin da'irar da ba ta wuce tsawon igiyarsa ba. Alhali dabba ce da aka halitta don yawo. In aka sake ta a daji, mafi yawan yininta tana tafe ne tana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan. Tumbinta ƙarami ne in aka dubi girman jikinta, hanjinta dogo, kuma ba ta iya amai. Abin da ya shiga hanya ɗaya gare shi. Dokin da ya daɗe a tsaye yana cin hatsi ba motsi, ƙafafunsa kan kumbura, cikinsa kan ɗaure, ciwon ciki kuwa yana sahun gaba cikin abubuwan da ke kashe dawaki a ko'ina a duniya. Duk wanda ya taɓa kwana tsaye da fitila a kan doki yana birgima, yana waiwayen haƙarƙarinsa, yana dukan ƙasa da ƙafa, ba ya ƙara wasa da fitar yamma.

Ga kuma hali. Hausawa mazan dawaki suke hawa, kuma ba su cika dandaƙe su ba. Goɗiya ta haihuwa ce, wata 11 take yi da ciki, ana barinta a ƙauye da dukushinta, kuma namijin da ya shiga taro a kanta ya shirya shan ba'a. Ingarman da ya ƙoshi ya kwana uku a turke, ranar da aka ɗora masa sirdi sai an yi da gaske: ga tutsu, ga cizo, ga harbi, in kuwa iska ta kawo masa ƙanshin goɗiya, mahayi sai addu'a. Fitar kullum ce ke sauke masa wannan zafin kai, ta saba masa da ƙarar babur da haushin kare da ledar da iska ke kaɗawa a jikin ƙaya.

Mai sauraron labaran rediyo da safe yana shiga barga bai sani ba. Sabon gwamna ya karɓi ragamar mulki. An buƙaci jami'an tsaro su ƙara ƙaimi. Likkafar wane ta ci gaba, an ba shi minista. Matsaloli sun dabaibaye harkar ilimi, rashin kuɗi ya zama tarnaƙi, 'yan majalisa sun turke kwamishina da tambayoyi, sojoji sun yi wa hamɓararren shugaba ɗaurin talala. Kowace daga cikin waɗannan, in ban da turke, igiya ce ko ƙarfe da ke rataye a zauren mai doki. Dabaibayi ƙafafun gaba yake haɗawa, dabba ta riƙa tafiya da ɗan tsalle. Tarnaƙi ƙafar gaba da ta baya yake haɗawa. Talala ita ce doguwar igiyar da ake sakar wa dabba ta yi kiwo, ta ɗauka sakinta aka yi, sai ta kai ƙarshen igiya ta gane. Wanda ya fara kiran tsare mutum a cikin gidansa da wannan suna ya san dabba, ya kuma san mulki. Shi ko ƙaimi tsini ne da ake ɗaurawa a diddige, wanda ake ƙara wa shi jini yake fitarwa, amma mai karanta labarai yakan faɗe shi da fara'a sai ka ce kyauta ake rabawa.

Kusan duk abin da siyasa ta ara daga barga na kamewa ne da tilastawa. Kilisa ba ta sami muƙami ba. Iyakar inda ta kai shi ne bakin samari da littattafan soyayya, inda saurayi kan fita kilisa da mota, ko ma a ƙafa, ba doki ba dalilinsa.

A da can ba a rasa mata dalili ba, domin shirin yaƙi ce. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali, Muhammadu Rumfa kuma, daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara dawakin zage, waɗanda ake ja ba kowa a kansu don in na hawa ya gaji a sauya. Sarautu da yawa a ƙasar Hausa daga gindin turke suka taso: Madawaki, Ubandawaki, Sarkin Dawaki, Barde, da Shamaki mai kula da bargar sarki. Garuruwa ma sun ci sunan, ga Dawakin Kudu ga Dawakin Tofa. A Katsina kuwa, bayan jihadi ya kori tsohuwar sarauta ta koma Maraɗi, kusan ƙarni na 19 gaba ɗaya a kan sirdi aka yi shi. Da an gama kaka, ƙasa ta bushe, sai a fara sauraron ta inda hari zai ɓullo. Sunayen Ɗan Baskore na Maraɗi da Ɗanwaire na Ruma daga wannan zamani suka fito. Dokin da zai ɗauki ƙato sanye da lifidi, shi ma kansa an lulluɓe shi da lifidin auduga har gwiwa, ya wuni cikin rana, sannan a ce ya kai hari da yamma, ba ranar da aka buga tambari yake samun wannan numfashi ba. A fitar kullum ake tara masa shi.

A 1903 Turawa suka zo da bindiga mai ruwa, ta rufe wannan babi. Kano ta faɗi, barade suka zube a Kwatarkwashi, Sakkwato ta bi, Katsina ta buɗe ƙofa ba a yi faɗa ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, mota ta biyo baya, fatauci da aike suka koma kan ƙarfe. Aka bar doki da shirin yaƙin da ba za a sake yi ba. Turawa sun so kallon, suka riƙa tara sarakuna da dawakinsu don manyan baƙi, kamar hawan da aka yi wa Yariman Ingila a Kano a 1925 da wanda aka yi wa Sarauniya a Kaduna a 1956. Gwamnatin soja ma ta yi nata a Kaduna a 1977. Amma taron shekara-shekara ba ya riƙe dabba mai cin abinci kullum. Abin da ya riƙe ta shi ne akwai mutanen da suka ƙi rabuwa da ita.

Katsina ta yi sa'ar sarakuna irin waɗannan mutane. Muhammadu Dikko, wanda ya hau gado a 1906 ya rasu a 1944, ma'abocin dawaki ne tun yana Durɓi. Ya je Makka ya kuma je Ingila a 1921, kuma a zamaninsa ƙwallon dawaki, wato folo, ta kafu a Katsina, aka share mata fili, 'ya'yan sarki da bayin fada suka koya. Wasan ya shigo Legas tun 1904 a hannun hafsoshin Turawa, amma a Katsina ya sami gida. Ɗansa Usman Nagogo, sarki daga 1944 zuwa 1981, ya kai mataki na 7 a ma'aunin gwanintar da ke tsayawa a 10, matakin da 'yan kaɗan ne ke takawa a duniya. Janar Hassan Usman Katsina ya gaji sandar, haka ma Sarki Muhammadu Kabir Usman, kuma Katsinawa sun sha ɗauko kofin Georgian, mafi daraja a ƙasar nan, daga Kaduna. Sai dai folo wasa ne mai cin dawaki. Mutum 4 ne a kowane ɓangare, zango ɗaya minti 7 ne na gudu da birki da juyi, daga nan sai a sauya doki. Mai son ya buga da gaske garke yake bukata, kuma yau manyan 'yan wasa daga Ajantina suke sayo nasu. Mutumin Kaikai mai turke ɗaya yana alfahari da Nagogo kamar kowane Bakatsine, amma ya san wannan fili ba da shi aka share shi ba.

Nasa ilimin a wani wuri yake, kuma ya fi fitowa ranar ciniki. Ba ya cewa baƙin doki ko farin doki kamar ɗan birni. Akawal yake cewa, da kili. Mai rodi-rodi danda ne, ga bidi, ga hurde, ga gunya, ga bikili, kowanne da launinsa, kuma dattawa biyu kan ɓata rabin hantsi suna gardamar ko wannan bidi ne ko hurde. Gajere mai ƙarfi ƙuru ne, ba a raina shi a tafiya mai nisa. Mai saye yakan buɗe baki ya karanta shekaru a haƙora, ya shafa ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa yana neman kumburi ko zafi, ya ɗaga kofato, ya duba gadon baya ko sirdi ya taɓa yin miki, ya sa yaro ya ja dokin ya tafi ya dawo yana kallon yadda yake sauke ƙafa. Bayan wannan sai a shiga abin da ba likitan dabbobi a cikinsa: inda gashi ya murɗe a goshi ko a wuya, da yawan ƙafafun da ke da fari, da abin da aka ce kowanne yana jawo wa gida na arziki ko na tsiya. Malamai sun sha cewa camfi ne. An yarda camfi ne, ana kuma rage kuɗi saboda shi.

Hatta tafiyar doki sunaye gare ta. Akwai sassarfa, akwai sukuwa, akwai kuma taƙama, wannan takun ƙasaita da doki kan yi yana lanƙwasa wuya, wanda mutane suka ga ya yi musu kyau suka ɗauka suka sa wa kansu.

Shekarar mai doki da kaka take farawa. Lokacin da wasu ke ƙirga damman gero, shi idonsa na kan harawa. Ta wake da ta gyaɗa, a naɗe ta tun tana da ɗanyen ganye, a ɗora a kan rufin ɗaki ko a cokalin bishiya inda awaki ba sa kaiwa. Wanda ya yi sakaci a wannan wata zai saye ta da tsada a bazara, lokacin da masu kiwon ragunan layya da masu shanun huɗa duk suke nemanta. Da damina sauƙi kan zo ta wani gefe, wahala ta wani: ciyawa ta samu, harƙiya da guɗe-guɗe da kyasuwa, amma ba a sakin doki cikin shuka, sai an yanko an kawo masa, ga ƙuda, ga kaska, ga laimar da ke ɓata kofato in ba a sauya masa ƙasar turke ba. Hatsi kuwa ba ya yankewa, dawa ko gero, safe da yamma. Ruwa bokiti-bokiti, kuma a ƙauye ruwa ɗaukowa ake yi. Sai kanwa, wadda ake jiƙawa a ba shi don ta gyara masa ciki ta buɗe masa ci. Masu cewa abu ba kanwar lasa ba ne daga bakin dabba suka samo maganar, kuma riƙon doki na cikin abubuwan da ta fi dacewa da su.

Akwai wani ɓangare na wannan hidima da ba a ambata a dandali. Dusar da ake dama wa doki daga turmin mata take fitowa, kuma a ƙauyen Hausa awaki da kaji yawanci na mata ne, su ma dusar suke jira. Gidaje da yawa sun san wannan ƙaramar shari'a ta bayan surfe.

"Malam, dusar nan fa ta awakina ce."

"Ki yi haƙuri, a ba shi yau, gobe in sayo miki."

Goben takan yi nisa. Yaran gida ne ke yankan ciyawa, su ke kwashe kashi a tara don gona, su ke kai shi rijiya a wanke shi, kuma ladansu shi ne a bar su su dawo a kansa ba sirdi. Mafi yawan gwanayen hawa a nan suka koya, a tsakanin rijiya da gida, da ragama kawai a hannu. Kafin nan sun riga sun yi dokin kara, sun ja shi a tsakanin ƙafafu suna haniniya da baki, sun kuma yi langa, inda ake kiran masu tsaron ruwa dawaki.

Kalmar doki dai ba ta zauna a turke ba. Keke ya zo aka ce dokin ƙarfe. Bayan wuya dokin wuya ne. Mai saurin fushi ya hau dokin zuciya, kuma kowa ya san ba da linzami ake hawansa ba. 'Yan bori suka juya lamarin gaba ɗaya: a wurinsu mutum ne abin hawa, namiji doki, mace goɗiya, iska shi ne mahayi, ya hau lokacin da ya ga dama, in zai sauka a ji atishawa. Masu dawaki na gaske, in sun saki jiki da mutum, sukan yarda cewa tsakaninsu da abin da ke turke ba kullum ake sanin wa ke hawan wani ba.

Sukuwa ita ce ranar da ake bayyana abin da aka tara. A ƙauye ba ta da kofi, ba ta da alƙali. Yammacin salla ko na biki, a sami fako ko gonar da aka girbe, a ce daga tsamiyar can zuwa bakin hanya. Biyu-biyu ake sakinsu, ƙura ta tashi, mata su yi guɗa daga bakin danga, kuma kafin ƙurar ta kwanta an fara gardama: wannan ya riga tashi, wancan ya tare hanya, ai da filin ya ƙara tsawo da an gani. Gardamar takan kai wata salla. Da aka ce dokin mai baki ya fi gudu, a irin wannan wuri aka gano. A manyan filayen sukuwa na Katsina da Kano da Maraɗi da Damagaram abin ya fi tsari, ana raba dawakin gida da 'yan Sudan masu dogayen ƙafafu, ana neman yara marasa nauyi su hau, kuma dawaki kan tsallaka iyaka a mota don gasa kamar yadda kakanninsu suka tsallaka ta don hari. Dokin da ya fi kowanne suna a waƙar Hausa ma na sukuwa ne, kuma sunansa na nuna daga Filinge ta ƙasar Nijar ya fito: Ɗanhilinge, na Sarkin Gobir na Isa Amadu, wanda Ibrahim Narambaɗa ya yi wa waƙa. Sarakuna da yawa sun zo sun wuce ba a riƙe sunansu kamar yadda aka riƙe na wannan dabba ba.

Abin da 'yan kallo suka fi so shi ne zamiya. A sako doki da cikakken gudu, sai an zo dab da mutane a ja shi, ya zauna a kan ƙafafun baya yana jan ƙasa, mahayi ya ɗaga hannu ya yi jinjina. Abin da kyau, amma a san da me ake yinsa. Linzamin gargajiya yana da zoben da ke zagaye haɓa da ƙarfen da ke danna ganɗa, an ƙera shi ne don mayaƙin da hannunsa ɗaya ke riƙe da mashi ya iya tsayar da ingarma nan take. A hannun gwani taɓawa kaɗan ta isa, don dokin ya riga ya san nufinsa daga zamansa a sirdi da matsin gwiwarsa, sanin da ba a samu sai an yi watanni ana fita tare. A hannun wanda ya ari doki jiya kuwa fizga ce, kuma kumfar da ke zuba daga bakin dabbar takan fito ja. Ana cewa linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. A irin wannan hannu ya fi ƙarfin na dokin ma. Duk mai kallon da ya san abin, bakin doki da gefen cikinsa yake duba bayan an sauka, daga nan yake yanke wa mahayi hukunci.

A nan ne sunan kilisa ya ɓaci a birni. A Kano da Katsina da Zariya akwai masu ba da hayar dawaki, akwai kuma samarin da ke haɗuwa su hau, don hawan angwanci ko rakiyar wanda ya sauke Alƙur'ani ko don yammacin Juma'a kawai. Da yawansu son dokin ne tsakani da Allah, kuma ba don su ba da masu sirdi da masu ɗinkin jalala da maƙeran likkafa sun daɗe da sauya sana'a. Amma titi ba burtali ba ne. Kwalta na cin kofaton da ba a sa wa ƙarfe ba, tana da santsi, ga motoci, ga yara, kuma akan sami ɓata-gari su shiga ayari da makamai su mai da shi fagen rama gayya. Rundunar 'yan sandan Kano ta sha fitar da sanarwar hana kilisa a cikin birni, musamman a kwanakin salla. Dattijon ƙauye da ya ji a rediyo an haramta kilisa dole ya yi mamaki, don a saninsa hana ta daidai yake da a ce a ɗaure dabba har ta kumbura. Suna ɗaya ne, amma wancan don mutane su gani ake yi, nasa kuwa yakan zaɓi hanyar da ba kowa.

Ba wai shi ba ya son a gan shi ba. Yana so ƙwarai, kuma yana da ranarsa. In salla ta matso, hakimai kan shiga Katsina da dagatansu da mahayansu, mutanen ƙasar Kusada a bayan hakiminsu Bebeji, kowace tawaga da kalar rawaninta da makaɗanta. Tafiyar da kakanni ke yi a kan sirdi suna yada zango, yau a bayan babbar mota dawakin ke yin ta, an ɗaure su kai da gindi. A fito da kayan da suka shekara a akwati, a shanya, a goge likkafa da toka har ta yi ƙyalli. A bi sarki daga idi, a taru a Ƙofar Soro, washegari a yi hawan bariki. Cikin algaita da kalangu da harbin 'yan bindiga da zagage masu kiran hattara, nan ake bambance dokin da aka riƙa fita da shi da wanda aka kwanto daga turke shekaranjiya: ɗaya na taƙama, ɗaya ya jiƙe sharkaf yana neman inda zai jefar da mai shi. Hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024, abin farin ciki ne, sai dai takardar ba ta sayen harawa. A 2020 annobar korona ta hana hawa, wasu shekarun kuma rashin tsaro ya sa masarautar Katsina ta dakatar da shi. Waɗanda suka ajiye doki don ranar kaɗai, da yawa a irin waɗannan shekaru suka sayar.

Gwajin gaske a ƙarshen bazara yake zuwa. Harawar kan rufi ta ƙare, rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin taki, ga iri, ruwa bai sauka ba. Dillalai sun san wannan lokaci kamar yadda suka san ranar kasuwar Charanci. Ɗaya zai zo da hantsi, ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a gaisa a tambayi iyali da zafi. Ba zai ambaci doki ba sai an sha ruwa. Sannan ya ce yana da wani Alhaji a birni da ke neman na hawan salla, kuma kuɗin da zai bayar ya sayi babur sabo har a yi canji.

"Baba, ka duba lamarin nan. Shekara ta yi tsanani, shi kuma ci yake yi."

Mai gida zai yi shiru, ya ce ai gaskiya ne, ya ce Allah ya sa albarka, ya tambayi nawa aka ce, har ya sa a maimaita masa. Daga nan ya ce to, a bari dai a ga bayan salla. Dillali ya san bayan salla kasuwar doki faɗuwa take yi, Alhajin birni ma ya gama bukatarsa, saboda haka ya gane amsar da aka ba shi. Zai shafa addu'a ya tashi, kafin ya fita kuma ya tambaya ko akwai tunkiya ko ɗan maraƙin da za a rage, don ya san a wannan mako dole a sayar da wani abu a gidan.